Baƙuwar da ke daskarar da mai masaukinta

A wani shagon kwamfuta da ke Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, wani matashi yana horar da ɗalibai masu shirin jarrabawar JAMB. Kwamfuta mai ƙarfi ɗaya ce gare shi, don haka ya girka manhajar VirtualBox, ya gina wata kwamfutar ta manhaja a cikinta domin ta riƙa aika tambayoyin gwaji ga sauran na'urorin shagon. Masu wannan sana'a suna kiran ta ainihin mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa.

Duk lokacin da ya danna umarnin sake tayar da baƙuwar, sai mai masaukin ta daskare ɗungurungum: linzami ba ya motsi, madannai ba sa amsawa. Wata rana makin ɗalibai da bai adana ba ya salwanta, ga iyaye sun riga sun biya kuɗi.

Da farko ya zargi zafin bazara da wutar janareta. Daga baya ya lura cewa daskarewar ba ta zuwa sai a daidai wannan umarnin. Ya ɗauki littafi, ya riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji. Da ya cire sadarwar baƙuwar, komai lafiya. Da ya sa ta a tsarin NAT, nan ma lafiya. Yana mayar da ita tsarin gada, sai daskarewar ta dawo.

Bambancin yana ga inda kowane tsari yake aiki. NAT yana gudana kamar kowace manhaja, don haka ɓarnarsa ba ta cika wuce baƙuwar ba. Gada kuwa tana dasa matata a zuciyar tsarin mai masauki, a kan direban katin sadarwa. Sake tayarwa na tsinke haɗin ba zato. Idan matatar da direban suka tsaya kowanne yana jiran ɗan'uwansa, na'urar gaba ɗaya za ta tsaya. A wannan zuciyar ce kuskuren CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 ranar 19 ga Yuli, 2024.

Matashin ya sabunta VirtualBox da direban katin, matsalar ta kau. Duk da haka, har yanzu yakan adana makin ɗalibai tukuna, sannan ya kashe baƙuwar daga cikinta.