Wanda Ya Kira Sunan Zango



Aikinmu a zauren Mai Girma Sarki rubutu ne. Idan aka kawo ƙara, mu ke zama a gefen shimfiɗa da littafi da alƙalami, mu rubuta abin da mai ƙara ya faɗa, da abin da wanda ake ƙara ya amsa, da yadda aka sasanta. Galibin abin da ke zuwa gabanmu sananne ne: rikicin haya, iyakar fili, auren da ya yi tsami, bashin da ya kwana biyu. Amma a farkon watan Janairun 2024 aka kawo wata magana wadda har yau ba ta bar zuciyarmu ba. Mun nemi izinin waɗanda abin ya shafa kafin mu rubuta ta a nan, kuma ba za mu ambaci sunan kowa ba.

Wani bakanike ne daga Suame Magazin, a nan Kumasi, ya shigo tare da yaronsa mai koyon aiki da kuma mahaifin yaron. Yaron bai wuce shekara 19 ba. Ubangidansa ya ba shi sidi 600 ya sayo kayan gyaran wata mota, sai aka neme shi aka rasa. Kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, mahaifiyarsa ba ta runtsa ba, har an fara zagaya asibitoci. A rana ta uku ya dawo, murya a dishe, aljihu babu ko kwabo. Ashe Ankara ya tafi, tafiyar kusan kilomita 250, domin ya ga mawaƙin nan Black Sherif a wasan da ya yi a watan Disamba, wanda ake kira Zaama Disco.

Mahaifin ya durƙusa, jikinsa na rawa don kunya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ya yi izu goma a makaranta. Ban taɓa kama shi da ɗaukar abin wani ba. Yau ga shi ya zubar mini da mutunci saboda ɗan waƙa."

Sarki ya dubi yaron ya ce, "Kai, ɗan nan, me ka je nema?"

Yaron ya daɗe kansa a sunkuye. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi laifi, kuma zan biya. Amma tun da aka haife ni, duk inda na ce ni ɗan zango ne sai in ga an gyara riƙon jaka. Ran nan na tsaya cikin dubban mutane, masu kuɗi da 'ya'yan manya, na ji suna kiran sunan zango da ƙarfi suna murna. Abin da na je gani ke nan."

Mahaifin ya ɗago a fusace ya ce, "To shi wanda ka je dominsa, ya san sunanka?"

Yaron bai amsa ba. Mu ma da ke rubutu sai da alƙalaminmu ya tsaya, domin kowannensu ya faɗi gaskiya.

Hukunci bai yi wuya ba. Amana amana ce, kuma son mawaƙi ba ya halatta kuɗin wani. Aka yanke cewa yaron zai biya daga ɗan abin da yake samu, kaɗan-kaɗan, ya kuma roƙi gafarar mahaifiyarsa. Ubangidansa, Allah Ya saka masa, ya yarda ya ci gaba da riƙe shi. Muka rubuta, aka yi fatiha, aka watse. Bayan kowa ya fita Sarki ya ce mana, "Malam, wannan yaro da ake ta magana a kansa, ka taɓa jin sa?" Muka ce a'a. Ya ce, "Ni ma haka. Ga shi kuwa ya fi mu shiga gidajen mutanenmu."

Wannan magana ce ta sa muka yi abin da ba mu saba ba. Bayan sallar isha'i muka je majalisar samari da ke shan ataya a bakin layinmu, muka nemi wuri a benci. Da farko suka tsargu, kowa ya tura wayarsa aljihu, sun ɗauka wa'azi muka zo yi. Da muka ce tambaya muka zo, sai bakinsu ya buɗe kamar an fasa tulu.

Sunansa na yanka Mohammed Ismail Sherif, an haife shi a shekarar 2002 a Konongo, tsohon garin haƙar zinariya da ke kan hanyar Kumasi zuwa Ankara. A zangon garin ya tashi, ya yi sakandare a Kumasi Academy. Ya fito fili a 2021, a 2022 kuma waƙarsa "Kwaku the Traveller" ta ƙetare iyakar Ghana, har a Najeriya ta zama abin yayi. A cikin kundinsa na farko, wanda ya fito a watan Oktoban 2022, akwai waƙar da ya raɗa wa suna "Konongo Zongo". A 2023 aka ba shi lambar gwarzon mawaƙin shekara ta Ghana, a shekarar kuma ya karɓo lambar BET daga Amurka. Duk wannan samarin sun haddace shi tsaf, ɗaya na faɗa ɗaya na gyara masa, yadda muke yi da ƙa'idojin nahawu a zamaninmu.

Suka nuna mana wani wasa da ya yi a bikin 3Music a 2022, inda aka saki ruwa daga sama kamar mamako, yana tsaye a ciki sharkaf yana rera waƙa. Mun kalla har ƙarshe. Ba mu fahimci rabin kalmomin ba, domin yana gauraya harshen Tonawa da Turancin buroka, kuma salon kiɗan ba irin wanda kunnenmu ya saba da shi ba ne. Amma muryar ba ta buƙatar tafinta. Murya ce mai karyewa kamar ta wanda ya ci kuka ya ƙoshi, sa'an nan ya miƙe. Muka waiga muka dubi fuskokin yaran a hasken waya, babu mai ƙyafta ido.

Suka nuna mana hirarrakinsa, inda yake magana a hankali, ba tare da hayaniyar da aka san mawaƙan zamani da ita ba. Suka nuna mana hotunansa a Instagram da irin tufafinsa, waɗanda mu dai ba za mu sa wa ɗanmu ba, su kuwa har muhawara suke a kan takalmi. Wani ya ce duk safiya kafin ya wanke fuska sai ya duba ko Blacko ya saka sabon abu, don haka suke kiransa, kamar abokin wasansu. Muka tambaye shi ko kafin asuba ne ko bayanta. Aka yi dariya, shi kuma ya sosa ƙeya.

Da muka koma gida muka kasa barci, domin mun tuna namu ƙuruciyar. Mu ma da muke ɗaure fuska yau, a shekarun 1980 mun sha tsallake katanga zuwa sinima kallon fim ɗin Indiya. Iyayenmu kuma, waɗanda suka zane mu a kan haka, idan fatake suka kawo sabon kaset na Alhaji Mamman Shata daga Kano, a shagon mai goro ake taruwa a saurara har batir ya mutu, a ciro kaset a juya shi da biro. Ranar da labarin rasuwar Shata ya iso mana a 1999, mun ga dattawa masu furfura suna share hawaye, alhali yawancinsu ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, shi ma bai san sunansu ba. Abin da yake ba su shi ne, suna zaune a ƙasar Tonawa su ji an ambaci garuruwan kakanninsu da harshen da suka sha a nono. Ashe cutar tsohuwa ce, mai ɗauke da ita ne kawai ya sake.

Kuma zango bai taɓa rabuwa da masu faɗar damuwarsa da baiti ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Karachi a 1934, malami ne babba, amma a cikin abin da ya bari har da waƙa a kan talauci da wadata, da yadda duniya ke wulaƙanta marar shi. Ba muna haɗa malami da mawaƙin dandali ba ne, Allah Ya kiyaye, kowa da matsayinsa. Muna nufin cewa ciwon da ake taɓawa ɗaya ne, kuma ya daɗe.

Wanda bai tashi a zango ba ba zai gane nauyin maganar yaron nan ba. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan da fataucin goro tun kafin mulkin Turawa, suka yada zango, sunan ya bi mu. Duk da haka, a 1969 aka yi dokar korar baƙi, gidaje da yawa a zanguna suka watse cikin 'yan makonni, kuma waɗanda suka rage suka koyi yin magana ƙasa-ƙasa. Har gobe yaronmu yakan je neman takarda a ofis, a dubi sunansa a tambaye shi daga ina kakansa ya zo. Har gobe idan aka yi rigima a gari, kafin a bincika an ce 'yan zango ne. Lokacin zaɓe a neme su, bayan zaɓe a manta da kwatarsu. Yaron da ya girma a cikin wannan, sa'an nan ya ga sa'ansa mai suna irin nasa, wanda ya fito daga lungu irin nasa, ya hau dandali ya faɗi inda ya fito ba tare da sunkuyar da kai ba, dole zuciyarsa ta bi shi. Mai ƙishirwa ba ya tsayawa tambayar wa ya haƙa rijiya.

Wannan ba ya nufin mun rufe ido a kan abin da ke cikin ruwan. Malamanmu sun yi magana a kan kiɗa, mu ba masu fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa. Amma akwai abin da ba ya buƙatar fatawa. Wuraren irin wannan wasa akwai giya, akwai hayaƙi, akwai cakuɗar maza da mata har gari ya waye, kuma yaron da kansa ya shaida mana cewa asubar ranar a tasha ta same shi yana barci. Waya kuma tana nuna abin da aka zaɓa a nuna ne. Yaranmu suna ganin wanda ya haye, ba sa ganin tarin samarin da suka sayar da keken ɗinki ko suka bar gareji suka zuba kuɗi a ɗakin naɗar waƙa, suka dawo hannu rabbana. Tambayar mahaifin nan tana nan daram: wanda kake hana kanka barci dominsa, idan ka kwanta ciwo ba shi zai kawo maka koko ba.

Amma tambayar tana da wutsiya, kuma mu ta waiwayo ta sara. Mawaƙi bai san sunan yaron ba, wannan ba laifinsa ba ne. Mu da muka san sunansa, muka ci goron sunansa, yaushe muka taɓa kiran sa a bainar jama'a in ba don laifi ba? Mun buɗe littafinmu na shekaru, muka bi shafi-shafi. Babu saurayi ɗaya da sunansa ya shiga ciki sai a matsayin wanda ake ƙara. Yaro ya yi shekara huɗu a ƙarƙashin mota, hannunsa ya yi kanta, ya ƙware, a yaye shi, babu wanda ya ji sai ubangidansa. Yarinya ta gama koyon ɗinki ko ta ci jarrabawa, sai dai a yi mata barka a tsakar gida. A taron Sallah kuwa, masu kuɗi da 'yan siyasa ne ake kira da lasifika, a yi musu kirari. Sa'an nan mu yi mamaki don yaranmu sun tafi inda ake ɗaga hannu a ce da su, ku ma mutane ne.

Mun kai wa Sarki abin da muka gani da abin da muka ji, ba mu rage komai ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce mu sayo sabon littafi. A cikinsa ake rubuta duk yaro ko yarinyar zangonmu da aka yaye daga koyon sana'a, ko ya sauke Alƙur'ani, ko ya kammala karatu. A taron ƙaramar Sallah aka karanta sunayen da lasifika, kowa da sunan mahaifinsa da na wanda ya koya masa. Ba su da yawa, kuma babu kyautar da aka ba su sai addu'a da musafaha. Amma mun ga wata tsohuwa ta saki guɗa har ɗankwalinta ya zame, mun ga wani ƙato mai walda yana goge ido da hannun riga.

Yaronmu bai shiga littafin ba tukuna. Ya gama biyan bashinsa, amma saura lokaci kafin a yaye shi. Kwanan baya muka wuce ta garejinsu, muka hango ƙafafunsa a ƙarƙashin wata tsohuwar tasi, wayarsa a kan taya tana ta rera waƙar mutumin nasa. Da ya ji sallamarmu ya fito da sauri ya kashe ta, ya rusuna. Muka ce masa idan Disamba ta zagayo, kuɗin wa zai ɗauka? Ya yi murmushi ya ce, "Baba Malam, na fara asusu." Muka ce to ya tuna da asuba, ya kuma gaya wa mahaifiyarsa kafin ya kama hanya. Ya ce in sha Allahu. Sa'an nan ya tambaye mu, cikin jin nauyi, ko an bar masa wuri a sabon littafin. Muka ce an bari.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauraron su tun kafin a kawo su zaure.