Man gujiyar Inna

Lokacin da nike yaro, a wani ƙauye kusa da Matamaye, Inna tana sana'ar man gujiya da ƙuli-ƙuli. Da kuɗin man nan take saya mini kaye da alli na zuwa lakwal.

Ga yadda take yi. Ta soya gujiya, ta murje ɓawon, ta sheƙe, ta niƙa. Sai ta zuba ƙullin cikin turmi, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, tana tuƙawa da taɓarya har mai ya taso. Daga nan ta matse tunkuza da hannu.

Wata rana, jajibirin kasuwa, na ce zan taya ta. Na ƙunshe tunkuza cikin tsumma, na murɗa da dukan ƙarfina. Mai ya zubo da yawa, na yi murna. Na ƙara murɗawa. Sai tsumma ya yage, tunkuza ta faɗa cikin kwano, mai ya gurɓace. Washegari ba mu samu na kaiwa kasuwa ba.

Inna ba ta doke ni ba. Ta ce: "Ɗana, mai ba ya son gaggawa. Matsa sannu, ka dakata, ka sake matsawa."

Bayan na girma, na ga injin matsar mai a Maraɗi. Can na gane maganar Inna. Kilo 10 na ɓararriyar gujiya yana ƙunshe da mai kusan kilo 5. Hannu ba ya iya fidda shi duka, shi ya sa tunkuza take da maiƙo. Inji ya fi hannu ƙarfi. In an ƙara ɗaure shi, man da ke fita yana ƙaruwa. Amma akwai iyaka. In matsi ya yi yawa, ƙarin man kaɗan ne. Guga tana sa inji ya yi zafi, mai ya yi duhu, ya yi ƙauri. Wani lokaci ma inji ya toshe. Masu saye kuwa mai garai-garai suke so, mai ƙanshi.

Yau aikina horar da malaman lakwal ne. In na ga malami yana matsa wa yaro ya karanta dole a yini ɗaya, nikan tuna tsumman nan da ya yage. Sai in ba shi labarin man Inna.