Kunnen Ƙashi ko H65?

A Amurka, idan likita ya huda dodon kunnen yaro ya saka masa ɗan bututu, aikin yana da lamba: 69436 idan an sa yaron barci, 69433 idan zafin wurin kawai aka kashe. Ƙungiyar Likitocin Amurka ce ke fitar da wannan kundi na CPT tun 1966, kuma kamfanin inshora ba ya sakin kuɗi sai lambar aikin ta dace da lambar cutar. Ita lambar cutar, asalinta kundin ICD-10 ne na Hukumar Lafiya ta Duniya: H65 ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne, H66 kuwa mugunya ce.

A jikin yara, hanyar iskar da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci gajeriya ce, kuma kusan a kwance take, saboda haka mura kaɗan ke toshe ta. Ruwa ya kwanta, ji ya ragu. Bututun, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana shigar da iska, kuma yawanci da kansa yake faɗowa cikin wata 6 zuwa 18.

Ɗan yayata da ke Gwaram ne ya sa na damu da lambobin nan. An daɗe ana ce masa mai kunnen ƙashi, alhali kiran ne ba ya isa gare shi. Takardar da suka taɓa dawowa da ita daga wani asibiti ba ta ƙunshi komai ba sai "ciwon kunne" da kuɗin magani.

Irin wannan takarda ba ta iya tafiya. Yaron da zai tashi daga Gwaram zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wataƙila har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana bukatar sunan cutarsa ya riga shi isa. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma a tsarin, kafin a biya aikin ƙwararre sai an samo lambar amincewa, wadda ake nema da sunan cutar. Haka nan cutar da ba a rubuta daidai ba, ba ta shiga ƙididdigar da ake tsara kasafi da ita.

Shi ya sa nake roƙon iyaye: ku nemi likita ya rubuta cikakken sunan cutar, da kunnen da ta kama, da tsawon lokacin da ta ɗauka, sannan ku adana takardar.