Haƙori guda ya kayar da ƙafa biyu

A zangonmu na Kumasi, ciwon da ya zo ya zauna ana tausaya wa mai shi. Wanda yake zuwa yana komawa kuwa, shi ne yake jawo wa mutum bakin duniya. Idan aka ga mace jiya tana jan ƙafa, yau kuma ga ta a Kejetia tana taya yadi, sai zance ya rabu: wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, marasa kunya su ce ƙiwuya ce aka naɗa wa rawani. Mu da muke riƙe da littafin taimakon jama'a a zauren dattijonmu, shekara shida ke nan muna rubuta sunan wata 'yarmu, tela, uwar 'ya'ya uku, wadda duk waɗannan maganganu sun sauka a kanta.

Ciwonta Turawa suna kiransa maltiful sikilerosis, a taƙaice MS. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace shi a Paris a 1868. Jijiyoyin da suke ɗauke da saƙo a ƙwaƙwalwa da laka suna da riga, kamar robar da take lulluɓe da wayar lantarki. A wannan ciwo garkuwar jikin mutum ce take juyowa tana zaizaye rigar, wuri-wuri, ta bar tabo. Inda tabon ya faɗa, nan alama take fitowa: wani ido ne zai yi masa hazo, wani hannu ne zai sage, wani fitsari ne zai ƙi riƙuwa. Ƙidayar 2020 ta nuna masu shi sun kai miliyan 2.8 a duniya, mata sun ninka maza, kuma yakan fara ne tsakanin shekara 20 zuwa 40. A ƙasashenmu ba a cika jin sunansa ba, ga shi kuma sai da hoton na'urar MRI ake tabbatar da shi, hoton da sai da zango ya yi karo-karo kafin 'yarmu ta same shi.

Littafin taimako ba ya rubuta magana, kwanan wata da sidi kawai yake riƙewa, amma shi ya fara nuna mana wani abu. Duk lokacin da aka zo neman kuɗin mota saboda ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, idan muka duba layin da yake sama, sai mu tarar an fitar mata da kuɗin wani ƙaramin abu kwana uku ko huɗu kafin nan. Sau ɗaya zazzaɓin cizon sauro ne. Sau biyu ciwon mafitsara. Sauran duk haƙori ne, matauni guda na ƙasa mai kogo, wanda take lallaɓawa da kanumfari da ruwan gishiri.

Da muka kai wa likitan jijiyoyi wannan lissafi, bai yi mamaki ba. Ya bayyana mana cewa jijiyar da rigarta ta zaizaye tana aiki ne da kyar, kuma ɗan ƙarin zafin jiki ya isa ya tsayar da saƙon gaba ɗaya. An san haka tun 1890, lokacin da wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura ganin wasu majinyata yana dusashewa idan sun motsa jiki. Saboda haka mugunyar da ta taru a gindin haƙori, da zazzaɓin da take kawowa, suna iya tayar da tsofaffin alamu ba tare da an sami sabon tabo ba. A kashe wutar, ƙafa ta dawo. Tashin ciwo na ainihi shi ne wanda ya wuce awa 24 babu zazzaɓi, babu wata cuta a jiki. Bambancin yana da nauyi, domin maganin tashi na ainihi, wanda ake bayarwa kwana uku zuwa biyar, danne garkuwar jiki yake yi, kuma ba a son a bayar da shi a kan mugunyar da ba a magance ba. Shi ya sa ake fara gwada fitsari da jini, a leƙa baki. Ya kuma ja mana kunne cewa cuta takan buɗe ƙofa ga tashi na ainihin ma, don haka ba a raina ta.

Akwai wani tarko da yake ta ɗaya gefen. Shi wannan ciwo yakan taɓa jijiyar fuska, ya kawo zafi kamar an jona wa muƙamuƙi lantarki, na 'yan daƙiƙoƙi, idan mutum ya tauna abu ko iska ta taɓa kumatu. Mai shi zai rantse haƙori ne. Da dama a duniya an cire musu lafiyayyun haƙora a kan haka, zafin kuma yana nan. To, ga mu a garin da mai ciwon haƙori bai rasa wanda zai ce masa kawo in cire maka a kan kuɗi kaɗan.

Lalacewar haƙoran nata ma ba sakaci ba ne, ko da an faɗi haka. Hannun da yake rawa ba ya riƙe asuwaki yadda ya kamata. Maganin da take sha don riƙe fitsari yana busar da yawu, yawu kuwa shi ne mai gadin haƙori. Ga gajiyar da take sa mutum ya zaɓa tsakanin girkin dare da wanke baki. Wanda bai taɓa ganin wannan gajiya ba ya daina kwatanta ta da tasa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne aurenta. Dangin miji sun gaji da jinyar da ba ta da ƙarshe, har magana ta iso zaure. Dattijonmu bai yi dogon wa'azi ba. Ya sa muka karanta wa mijin kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce masa: "Ɗana, ka ji da kunnenka. Mai ƙarya ba ta haɗa baki da zazzaɓi. Ka kai ta a duba bakin nan, abin da ya gagare ka zaure zai cika." Mijin ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Baba."

An cire mataunin a asibiti, bayan likitan haƙori ya ga jerin magungunanta. Ciwon bai warke ba, domin har yau ba a sami maganin da yake raba mutum da shi ba, sai dai masu rage yawan tashinsa, su ma da tsada. Amma mun sauya yadda muke kashe kuɗin jama'a a kanta. Yanzu duba haƙori sau biyu a shekara yana da layinsa a littafi. An ɗaura wa burushinta tsumma a mariƙa don ya cika hannu. Akwai ma'aunin zafin jiki a ɗakinta, kuma an yi da ita cewa zafin fitsari ko kumburin dasashi ba ya kwana ba a faɗa ba. A watannin Fabrairu da Maris, idan zafi ya tsananta aka kuma ɗauke wuta, takan ɗinka ne bayan asuba, ta rufe keke kafin hantsi ya ɗaga, da tsumma mai sanyi a wuyanta.

A bara layinta sau ɗaya ya nemi kuɗin mota, shi ma bayan wata mura ce da ta zagaye gidan. An rubuta mata komawa wurin likitan haƙori bayan ƙaramar salla.