Kalangu Uku, 'Yan Amshi Huɗu, Ba Mai Waƙa

Ranar Asabar ɗin da aka yi wunin 'yar dillalin cittan nan na bayan kasuwa, duk wanda ya je ya ga abin da ya faru, saboda haka ba asirin kowa muke tonawa ba. Makaɗan unguwarmu sun iso bayan la'asar, suka shimfiɗa tabarma a inda suka saba, suka ɗaure kalangai. Babban makaɗi ya buɗe da taken gidan. 'Yan amshi huɗu suka gyara tsayuwa, suka ja numfashi, suna jiran a jefo musu baiti su cafe. Kiɗa ya zagayo sau ɗaya, ya zagayo sau biyu, ya zagayo sau uku, daidai gurbin da murya take faɗowa, babu kowa. Wata tsohuwa daga cikin zaure ta fashe da kuka. Wata bakwai ke nan da muka kai Baba makwancinsa, amma wallahi da yawanmu sai ranar nan mutuwar ta shige mu.

Ba sai mun faɗi sunansa ba. A unguwar nan in an ce Baba mai waƙa, mutum ɗaya ake nufi, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mahaifinsa haƙar kuza ce ta kawo shi ƙasar Nok, irin ramukan da aka fara tsintar mutum-mutumin yumɓun nan a cikinsu a 1928, waɗanda yau duniya ta san sunan garin saboda su. Shi dai bai daɗe da riƙe shebur ba ya gane cewa leburorin bariki sun fi buƙatar mai kaɗa musu kalangu ranar biyan kuɗi. Da kasuwar kuza ta ja baya sai ya gangaro Kafanchan, inda tun shekarun 1920 layin dogo daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, garin ya cika da baƙi. A nan aka haifi Baba, a nan ya gaji kiɗan, ya ƙara masa waƙa.

Abin da ya kamata matasanmu su gane shi ne, Baba ba murya kaɗai ba ne. Unguwa irin tamu kowa daga wani wuri kakansa ya taso. Wani Bakatsine ne da jirgi ya sauke, wani Bazazzagi ne mai fataucin citta tsakanin Kwoi da Kachia, wani mahauci ne daga Kano, wani kuma uwarsa 'yar ƙasa ce, Ham ko Fantswam ko Bajju, dangin uwarsa na nan ƙetaren titi. Ba mu da littafin da aka rubuta wannan. Baba ne littafin. In ka shigo fili zai ɗauko ka tun daga kakan da ya zo da buzu da buta, ya bi da kai gidan da aka fara sauka, ya faɗi wanda ya ba ku filin, ya ambaci kawunnanka na wajen uwa da sunayensu na yare ba tare da ya karya ko ɗaya ba. Shi ya sa maƙwabtanmu ma suke kiransa bukukuwansu. Bayan abin da ya faru a watan Afrilun 2011, da kasuwa ta ƙone, gidaje da yawa suka watse, wasu Kaduna wasu Jos wasu inda ba mu sake jin labarinsu ba, a bakinsa kaɗai ake jin jerin rumfunan da da masu su, layi bayan layi. Mutum zai zo biki daga Kaduna ya ji an ambaci rumfar ubansa, ya sunkuyar da kai, ya zaro abin da ke aljihunsa duka.

To, tun ranar wunin nan majalisar bakin masallaci ba ta da wata hira. Wasu sun ce a bar abin ya mutu da mai shi, a rataye kalangai, kowa ya nemi sana'a. Wasu sun ce a kira ɗansa na Kaduna ya zo ya gaji ubansa. Akwai kuma masu cewa da ma kiɗan bai halatta ba, Allah ya raba mu da shi cikin sauƙi. Wannan muhawara ta malamai ce, ta girmi mujallar nan, ba za mu sa baki ba. Mu abin da ya dame mu mutum takwas ne, makaɗa uku, 'yan amshi huɗu da sanƙira ɗaya, kowannensu da iyali, mafi ƙanƙantarsu ya shekara goma sha biyar a bayan Baba, babbansu kuwa tun ba a haifi yawancinmu ba.

Masu cewa a bari kullum Shata suke kawowa misali. Suka ce Alhaji Mamman Shata ya rasu a Yunin 1999, aka binne shi a Daura, wa ya maye gurbinsa? Gaskiya ne, babu. Ɗansa Sanusi ya ɗauki waƙar, kuma yana da masu sauraro, amma ba wanda ya taɓa cewa an yi wani Shata. Sai dai a duba yadda waƙar Shata take. 'Yan amshinsa layi ɗaya suke riƙewa, su yi ta maimaita shi daga farko har ƙarshe, shi kuma yana zubo baitoci nan take, abin da ya gani a filin da abin da ya faɗo masa. Waƙar a kansa take, ba a ƙungiya ba. Ranar da kan ya kwanta, abin da ya rage a hannun yaransa shi ne kiɗa da amshi. Na Ɗan Maraya Jos ma ya fi wannan: shi da kuntiginsa ne kawai, ba makaɗi ba ɗan amshi, da ya rasu a Yunin 2015 babu ma ƙungiyar da za a ce ta ci gaba ko ta watse.

Amma ai ba haka ne kaɗai tsarin kiɗan Hausa ba. A je ƙasar Zamfara a ga makaɗan fada. Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi. Da uban ya rasu, wansa Abdu Kurna ya zama shugaba, shi Musa yana Daudun Kiɗi, wato na biyu, mai jiran gado, kafin ya kai ga jan tasa ƙungiyar har ya zama Ɗanƙwairon da muka sani, wanda ya rasu a 1991. Can 'yan amshi ba layi ɗaya suke riƙewa ba. Jagora zai fara baiti su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, domin an zauna an shirya waƙar tare, kowa ya haddace ta. Irin wannan ƙungiya tun jagora na da rai ta san wanda zai tsaya a gurbinsa. Mutuwa tana girgiza ta, ba ta rushe ta.

Baba tsakiya yake, kuma nan ne matsalar take, nan ne kuma mafita. Raharsa da zambonsa nan take yake ƙirƙira, irin na Shata, waɗannan sun tafi, kada ma wani ya wahalar da kansa. Amma jerin asalin gidaje ba ya canzawa, shekara talatin yana maimaita shi a kunnen mutum takwas ɗin nan. Mun gwada. Mun zauna da babban ɗan amshi a shagon tela, muka ce, "Kawu, ɗauko mana gidan su wane." Ya ɗan yi jim, ya fara, ya kawo kaka uku bai yi tuntuɓe ba, inda ya tsaya sanƙira ya ɗora. Ashe littafin bai ƙone ba, shafukansa ne suka rarrabu a kawuna takwas. Abin da babu shi ne muryar da za ta ɗauke shi a fili, don Kawu kam, Allah ya ba shi haƙuri, da ya gwada ranar wunin daga baya, numfashi ya ƙi kai shi ƙarshen baiti.

Ɗan Baba na Kaduna mun yi magana da shi. Yaro ne mai ladabi, yana da sana'arsa ta gyaran waya, ya ce mana a fili shi ko a banɗaki ba ya waƙa, kada a ɗora masa rigar da za ta ja ƙasa. Mun ga gaskiyarsa.

Wanda ke da muryar kowa ya san shi, ana dai jin nauyin faɗa ne. Yaron nan ne mai ɗaukar musu kaya, mai kaɗa ƙaramin kalangu in wani bai zo ba. Waɗanda ke wucewa ta bayan makarantar allo da dare sun sha jin sa yana rera waƙoƙin Baba shi kaɗai. Abin da ake riƙe masa shi ne wai ba ɗan gado ba ne, ubansa ɗan dako ne a tasha. Mu dai wannan hujja ba ta shige mu ba, musamman daga bakin mutanen da suka gama kafa hujja da Shata. Shi Shatan gadon wa ya ci? Gidansu a Musawa ba gidan makaɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba.

Wani ɗalibinmu da ke kwalejin ilimi ta Gidan Waya ya kawo mana misalai biyu daga waje, kuma sun zauna mana. Na farko na gida Nijeriya ne. Fela Kuti ya rasu a Agustan 1997, ya bar ƙungiyarsa Egypt 80 cike da dattawan makaɗa. Ɗansa Seun yana da shekara 14 ya tsaya a gaba. Abin lura ba yaron ba ne, tsofaffin ne: irin su Baba Ani mai busa, waɗanda suka girme shi nesa ba kusa ba, suka yarda suka tsaya a bayansa, suka riƙe masa kiɗan har ya yi ƙwari ya fara fitar da nasa waƙoƙin. Na biyun daga Ingila ne, ƙungiyar kiɗan rok da ake kira Queen. Mawaƙinsu Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ya rasu a Nuwamban 1991. Ɗaya daga cikinsu, John Deacon, daga baya ya ajiye jitarsa ya koma gida, ba wanda ya zarge shi. Sauran biyun, Brian May da Roger Taylor, suka ci gaba, amma da suka ɗauko wani matashi Ba'amurke, Adam Lambert, ba su ce ga sabon Freddie ba. A allon talla sukan rubuta sunan ƙungiya, su sa alamar tarawa, sannan sunansa. Wato ga mu, ga kuma baƙon da ke tare da mu. Wannan 'yar alama ta ɗauke wa yaron kaya mai nauyi, ta kuma ɗauke wa masu sauraro jin cewa an yaudare su.

Abin da muke gani ke nan ya dace da namu. Kada sanƙira ya tashi ya ce ga magajin Baba, don da ya faɗi haka kowa zai kafa kunne yana awo, kuma yaron zai faɗi a awon, ko wane ne shi. A ce yaran Baba ne, tare da wane. Kada kuma a tilasta masa kwaikwayon yadda Baba ke karya murya ko 'yar dariyar nan tasa ta tsakiyar baiti. Mun ji masu kwaikwayon Shata a gidajen biki, minti biyar na farko da daɗi, daga nan sai kewar mai abin ta taso. Ya riƙe asalin gidaje yadda dattawan za su ɗora shi, ba ragi ba ƙari, sauran kuma ya nemo nasa. Akwai gidajen da aka kafa bayan 2011 da Baba bai kai ga yi musu komai ba. Akwai manoman citta da cutar 2023 ta cinye musu gonaki, Hausawa da 'yan ƙasa, ba wanda ya sa wannan a waƙa tukuna.

Sai kuma namu laifin, don kada mu yi ta nuna yatsa. Tun kafin Baba ya kwanta ciwo mun fara guje musu. Mai na'ura mutum ɗaya ne da janareta, ya zo da waƙoƙin fiyano a memori, ba ka ciyar da mutum tara, ba ka sallami mutum tara. Da yawanmu da ke kuka ranar wunin, bikin ƙarshe da muka yi a gidajenmu mai na'ura muka kira. Kuma duk wayoyin da ke aljihunmu, masu ɗaukar hoton kwanon abinci, ba a samu wanda ya zaunar da Baba awa biyu ya naɗi jerin gidajen nan ba. Abin da ke hannu kaset biyu ne na wani direba, ɗaya ma ya cinye zare, da guntayen bidiyon biki da hayaniya ta rufe rabinsu.

Shekaranjiya babban makaɗi ya aika aka kira yaron, a gabanmu. Ya durƙusa daga bakin tabarma. Dattijon ya ce, "Kai, ana cewa kana waƙa da dare."

Ya ce, "Baba, wasa ne kawai."

"To ran Juma'a akwai suna a gidan limamin tasha na da. Gida uku za ka riƙe, Kawunka zai karanta maka su yau da gobe. In ka manta, kada ka tsaya, ka juyo ka kalle shi."

Yaron ya ce, "In mutane suka yi dariya fa?"

Dattijon ya ɗauki kalangunsa yana duba tsarkiya, bai ɗago ba. Ya ce, "Da ni da kai za su yi wa."

Mai sunan ya ce ya yarda, da sharaɗin mai na'ura ma zai zo bayan magariba saboda 'yan mata. Makaɗa za su fara ƙarfe huɗu. Ɗalibin nan na Gidan Waya ya ce zai zo da waya mai caji, ya zauna kusa da Kawu.