Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Ranar wata Litinin cikin watan Agusta, mu 'yan aji biyu aka sa mu kwashe tsofaffin bulo da ke bayan rijiyar burtsatse ta makaranta. Muna ɗaga na ƙarshe sai ga maciji a naɗe. Ya baje kansa ya yi faɗi, yana huci yana kai sara. Muka watse muna ihu, "Kububuwa! Kububuwa!" Wasu har sun ɗebo duwatsu.

Malaminmu na kimiyya ya zo ya ce kowa ya ja baya. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya sa doguwar sanda ya tura shi cikin bokiti ya rufe da raga. Ya ce ba kububuwa ba ce. A aji ya rubuta mana sunansa na kimiyya a allo, Crotaphopeltis hotamboeia. Sunan ya gagare mu faɗa, sai muka raɗa masa "maci-kwaɗo".

Mun leƙa bokitin ɗaya bayan ɗaya. Jikinsa toka-toka ne mai duhu, da 'yan ƙananan ɗigo farare. Bayan idanunsa baƙi ne mai sheƙi, leɓensa na sama da cikinsa kuwa farare. Malam ya ce yawanci ba ya wuce santimita 70. Yana son wuri mai laima, kamar fadama da bakin rafi da inuwar itatuwa irin na Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasar Batsari da Safana. Da rana yana ɓoye ƙarƙashin dutse ko ruɓaɓɓen icce, da dare ya fito farautar kwaɗi. Shi ya sa aka fi ganinsa da damina. Dafinsa ba shi da ƙarfi ga mutum, haƙoran dafin ma can ciki suke a ƙuryar baki. Baje kan da yake yi tsoratarwa ce, don a ɗauka mugu ne a ƙyale shi.

Jin haka sai wani a cikinmu ya ce to bari ya kama shi da hannu. Nan Malam ya ɓata rai. Ya ce kuskuren da muka yi yau mai sauƙi ne, mun ɗauki maci-kwaɗo a matsayin kububuwa. Amma wanda ya ɗauki kububuwa a matsayin maci-kwaɗo, yana iya rasa ransa. Ita jikinta kaushi gare shi, da zane-zane ruwan ƙasa, kuma in ta fusata tana goga jikinta ya riƙa ƙara kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini.

Mu 'ya'yan manoma ne, hutu na zuwa gona za mu. Da dare ko cikin ciyawa ba wanda zai tsaya duba leɓen maciji. Don haka 'yan'uwa ɗalibai, kowane iri muka gani mu ba shi hanya, mu kira babba. Mu sa takalmi, mu riƙe tocila. In tsautsayi ya sa an sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibiti.

Maci-kwaɗonmu dai da aka tashi Malam ya kai shi bakin rafi ya sake shi.