Ginin Da Na Yi Wa Kifi A Jidda

Ni jikan magini ne. Kakana ya tsufa yana ɗora tubali a kan tubali a birnin Zazzau, kuma abin da na tashi ina ji daga bakinsa shi ne, katangar kirki ba ta barin kafar da ƙadangare zai sa kai. Da wannan karatu na sauka Jidda wurin kawuna a lokacin dogon hutu, kuma da shi na kusa jawo masa hasara.

Kawu ya sayi akwatin gilashi mai cin lita 300, irin wanda ake cika wa ruwan gishiri don kiwon kifin teku da murjani. Ya ce tun da ni ne mai karatun kimiyya, ni zan jera duwatsun. To, 'yan'uwa, kada ku ɗauka irin dutsen Kufena ake nufi. Wannan ƙashin mataccen murjani ne, ba nauyi, duk jikinsa huji kamar soso. A cikin hujin ne waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zama, suna juya gubar da ke fita daga kashin kifi zuwa abin da bai kai ta illa ba. Watau dutsen ado ne, kuma matatar ruwa ne.

Na zage na yi gini. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, daga wannan kusurwa zuwa waccan, na jingina shi da gilashin baya, kana na bar ƙofa guda a tsakiya daidai wa daida kamar ta zaure. Na ja da baya na duba, na ce ko Sarkin Magina sai haka.

Bayan wata guda muka zuba kifi. Ashe ruwa ba ya ratsa bayan katangata. Datti ya taru can inda hannu ba ya kai, gansakuka ta rufe duwatsun. Kifaye kuwa suka dinga faɗa a kan ƙofar nan ɗaya, har wani shuɗi da Kawu ya fi so ya daina cin abinci, ya mutu. Har ila yau akwai wani ɗan kifi mai haƙa rami, ni kuma a kan yashi na aza harsashina. Ya yi ta kwashe yashin da baki, ran nan da tsakar dare sai muka ji ƙara. Rabin ginin ya zube, wani dutse ya daki gilashin gaba. Allah Ya kiyaye bai fashe ba.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Da Juma'a ta zo sai ya ce, "Taso, ɗana, mu je ka ga masu gidan." Ya kai ni Ubhur, arewa da Jidda, aka ba ni tabarau na ninƙaya, na tsoma fuskata cikin Bahar Maliya. Kai jama'a! Babu layi ko ɗaya da ya miƙe. Ga tudu nan tsaye shi kaɗai, ga farin yashi fili fetal, ga wani dutse ya yi rumfa da duhu a ƙarƙashinsa. Kowane kifi da kogonsa, yawancin kogunan kuma suna da mafita biyu. Murjani mai rassa yana sama inda rana da igiyar ruwa suka fi ƙarfi, domin akwai wani tsiro ƙanƙane a cikin jikinsa wanda yake yi masa abinci da haske. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan wurin da aka bari ba komai.

Da muka dawo na rushe ginin. Kusan sulusin duwatsun na fitar waje. Sauran na aza su a kan gilashin ƙasa tukuna, sa'an nan na zuba yashi. Na yi tsibi biyu, babba a hagu, ƙarami a dama, da kwararo a karkace tsakaninsu, ban bar ko ɗaya ya taɓa bango ba, don ruwa ya zagaya, hannu ma ya shiga. Inda na yi rumfa na kama shi da gam mai daskarewa cikin ruwa. Na kuma bar tazara tsakanin murjani da murjani, gama suna harbin juna in sun haɗu. Wuyar aikin ita ce hannuna, wanda kullum yake so ya daidaita hagu da dama. Sau uku ina kama kaina.

Ba na cewa kakana ya yi kuskure. A tsohuwar unguwar Jidda, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, da irin wannan dutse aka gina benaye, an sassaƙe shi an jera ba kafa, ga su nan tsaye. Shi don mutane ya yi gini.

Kafin in koma makaranta, wani launi ja-ja mai kama da shuni ya fara bin duwatsun, gam ɗin ya soma ɓacewa. Wani baƙo ya tambayi Kawu ko haka aka ɗebo su daga teku. Kawu ya ce a'a, ya nuna ni, sa'an nan ya nuna masa tabon da ke jikin gilashin gaba.